Motar da Ke Sarewa a Tsakiyar Tafiya: Tarihin Wata Cuta a Hanyar Birnin Kudu da Gwaram

Direbobin doguwar hanya sun san wata cuta da ba ta bayyana a gaban bakanike. Mota ta tashi lafiya daga Kano, ta wuce Wudil, ta wuce Kwanar Huguma tana gudu kamar ba abin da ke damunta. Sai an doshi Birnin Kudu, inji ya ɗauki zafi, sannan ta fara sarewa: a taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari, wani lokaci ta mutu ɗungurungum. A ba ta minti ashirin a gefen titi, sai ta tashi kamar ba ita ba. Washegari a kai ta gareji, a yi ta kunnawa ana kashewa, ba a ga komai.

Wannan cuta tana da hatsari a hanyar da ta ratsa Birnin Kudu ta nufi Gwaram da ƙasar Bauchi. Motar da ƙarfinta ya yanke yayin da direba ya fito zai wuce tirela ta jefa rayukan fasinjoji cikin halaka. Akwai mai ɗauke da majinyaci daga ƙauyukan Gwaram zuwa Babban Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, akwai mai lodin hatsi daga kasuwar Sara, kowannensu tsayuwar sa'a guda asara ce gare shi. Alamar cutar ba ta sauya ba cikin shekaru hamsin, amma sanadinta ya sauya, kuma sanin wannan tarihi shi ne rabin magani.

A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma cikin ɗan lokaci ƙirar 504 ta mamaye tashoshin Arewa. Zamani ne na harhaɗa motoci a gida: Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano. Injin 504 na wancan lokaci da kafireta yake aiki, kuma famfon da ke zuƙo mai daga tanki a jikin injin yake manne. A nan matsalar take. Fetur ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya fara zama tururi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin wannan yanki kan haura digiri 40, ga kuma turirin kwalta da na inji, man da ke cikin bututu yakan tafasa. Famfon da aka ƙera don ya ja ruwa ba ya iya jan tururi, sai kafireta ta bushe, mota ta sare. Direbobin da suka yi zamani da 504 sun san maganin: a jiƙa tsumma a ɗora kan famfon, a jira. Da tururin ya koma ruwa sai tafiya ta ci gaba.

Sauran masu laifi a wancan zamani su ma a fili suke. Kwayil yakan yi zafi ya rage wutar da yake ba fulogi, kwantak yakan ƙone, datti yakan toshe ƙananan ƙofofin kafireta. Duk waɗannan abubuwa ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Bakaniken bakin titi da ke da sukudireba da ɗan tsinken waya yana iya kwance kafireta, ya wanke ta, ya hure ta da baki, ya mayar kafin fasinjoji su idar da sallar La'asar.

Daga 1986 al'amura suka juya. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin samu, masana'antun harhaɗa motoci suka fara durƙushewa. Gurbinsu sai motocin gwanjo na Turai suka cike shi, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, da yawansu ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke shigowa. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, zirga-zirgar ma'aikata da 'yan kasuwa tsakanin Dutse, Birnin Kudu da Gwaram ta ƙaru, kuma sannu a hankali Golf da Sharon suka karɓe layin da 504 ta riƙe.

Waɗannan motoci sun zo da wani tsari dabam. Yawancinsu ba su da kafireta. Nozul ne ke fesa mai a cikin inji bisa umarnin wata ƙaramar kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Famfon mai kuma ya koma na lantarki, yana zaune a cikin tanki, yana turo mai da ƙarfi. Wannan ya kusan kawar da tsohuwar matsalar tafasar mai a bututu, amma ya haifar da wata. Man da famfon yake ciki shi ne ke sanyaya shi. Idan tanki ya yi ƙasa, tafiya ta yi nisa, famfon da ya tsufa yakan yi zafi, ƙarfin turawarsa ya ragu, mota ta fara shaƙewa musamman a hawa ko a lokacin wuce wata mota. Da ya huce sai ya koma aiki. Haka ma na'urar da ke sanar da kwamfuta juyawar inji: idan ta fara lalacewa, sai ta yi zafi take ɗaukewa, ta dawo da ta yi sanyi.

Ingancin man da kansa yana da nasa tarihin. Duk da matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, ƙarancin fetur na shekarun 1990 ya sa 'yan bumburutu suka zama abin dogaro a garuruwan kan hanya. Man jarka yakan zo da ƙura, da ruwa, wani lokaci da gaurayen kananzir. Kafireta takan yi haƙuri da irin wannan. Nozul mai ƙofa kamar bakin allura ba ya yi. Dattin yakan kwanta a gindin tanki, girgizar doguwar tafiya ta tayar da shi, ya taru a ragar famfo ya toshe ta. Idan an kashe mota, ya sake kwanciya, hanya ta buɗe. Shi ya sa motar da ba ta taɓa ba da matsala a cikin gari takan sare bayan tafiyar sa'a biyu. A Fabrairun 2022 ƙasar gaba ɗaya ta ɗanɗana wannan, lokacin da kamfanin NNPC ya tabbatar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, masu motoci da dama suka koka da lalacewar injuna.

Babi na baya-bayan nan ya fara ne ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko fiye cikin kwanaki kaɗan, ta kuma ci gaba da hawa. Direban da a da yake cika tanki kafin ya bar tasha ya koma sayen gwargwadon abin da zai kai shi. Tankin da kullum yake ƙasa yana nufin famfon da kullum yake cikin zafi, yana kuma zuƙar dattin gindi. Kuɗin da aka tsimi a gidan mai yakan fita ta hannun mai sayar da famfo.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma a gareji da yawa hannu bai gama barin ɗabi'ar zamanin kafireta ba. Ana canza fulogi, in bai yi ba a canza kwayil, in bai yi ba a canza famfo, mai mota yana biya a kowane zagaye. Alhali motocin fetur da aka sayar a Amurka tun 1996, da na Turai tun kusan 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, kuma sau da yawa kwamfutar motar tana ajiye bayanin abin da ya faru a kan hanya ko da cutar ta lafa.

Ko babu na'ura, direba mai lura yana iya taƙaita zato. Idan inji ya yi ta shaƙewa kafin ya mutu, kuma abin ya fi faruwa lokacin da mai ya yi ƙasa, a fara duba famfo da filtar mai. Idan ya ɗauke farat ɗaya kamar an murɗa makulli, allurar da ke nuna juyawar inji ta faɗi nan take, zato ya fi karkata ga lantarki: na'urar juyawar inji, ko wayar da ta saki, ko kan batir. Idan buɗe murfin tanki ya sa iska ta shige da ƙara, motar kuma ta warware, to hanyar numfashin tankin ce ta toshe. Idan ƙarfin yana raguwa sannu a hankali gwargwadon nisan tafiya, ga ƙarƙashin mota da zafi fiye da ƙima, a binciki matatar hayaƙi da ke cikin salansa. A lokacin hunturu kuma kada a manta da filtar iska, wadda ƙurar buji ke cikawa cikin 'yan makonni.

Abin da ya fi amfani shi ne a yi gwajin lokacin da cutar take kan motar. Bakaniken da ya auna ƙarfin famfo da safe, inji na sanyi, zai ce lafiya lau ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai a bar injin ya yi zafi sosai, ko bakanike ya bi motar zuwa Babaldu su dawo, sannan a auna. Direba kuma ya riƙe abubuwa huɗu a ransa duk lokacin da ta sare: tafiyar minti nawa aka yi, mai nawa ya rage a tanki, a wane gidan mai aka sha na ƙarshe, kuma minti nawa ta ɗauka kafin ta sake tashi.