Wasannin bidiyo na kiɗan ganga: asalinsu da gwaje-gwajen farko

Wasan bidiyo na kiɗan ganga wani reshe ne na wasannin bin sautin kiɗa. Na'ura tana sako waƙa, alamu suna tafiya a kan allo, ɗan wasa kuma ya buga ganga ta roba, ko maɓalli, ko fuskar waya, daidai lokacin da alamar ta iso inda aka shata mata. Wanda ya buga a kan kari ya samu maki, wanda ya yi gaggawa ko ya makara ya rasa. Matasan N'Djamena da Kuseri da suka saba da ɗakunan wasan PlayStation sun fi sanin ƙwallon ƙafa da faɗa, amma wannan reshen ya haura shekara 25 da kafuwa, kuma akasarin tarihinsa a Japan aka yi shi.

Abin da kalmar demo ke nufi

Masu harkar suna kiran abubuwa uku da wannan suna. Akwai samfurin cikin gida, wanda injiniya ke haɗawa don ya nuna wa shugabanninsa cewa dabarar za ta yi aiki. Galibi ba shi da zane mai kyau, ba shi da labari. Akwai gwajin fili, al'adar da ta yi ƙarfi a Japan: kamfani ya kai injin da bai kammala ba wani gidan wasa na 'yan kwanaki, ma'aikata su tsaya gefe suna kallon wanda ya saka kuɗi, da inda ya gaji, da ko zai sake sakawa. Na uku shi ne ɗanɗano, wato guntun wasan da ake bai wa jama'a kyauta kafin a fara sayarwa. Wasannin ganga sun fi sauran buƙatar waɗannan matakai, domin ba manhaja kaɗai ake gwadawa ba, har da abin da za a riƙa duka da sanda sau dubbai a rana.

Daga gidajen wasa na Japan

Wasan da ya buɗe kasuwar bin kiɗa shi ne PaRappa the Rapper, na mawaƙi Masaya Matsuura, wanda ya fito a PlayStation a ƙarshen 1996. Da maɓalli ake yin sa. Kamfanin Konami ya ɗauki dabarar ya kai ta gidajen wasa, ya riƙa ƙera wa kowane wasa kayan aikinsa: Beatmania a 1997, Dance Dance Revolution a 1998, sai GuitarFreaks da DrumMania a 1999.

DrumMania ya ɗauko ganguna masu lantarki na kamfanin Yamaha, fuska biyar da abin takawa da ƙafa ɗaya, ya sa ɗan wasa ya zauna kamar makaɗin baɗujala na zamani. Ana iya haɗa injinsa da na GuitarFreaks, mai ganga da mai jita su bi waƙa ɗaya tare. A wasu ƙasashen Asiya an sayar da shi da sunan Percussion Freaks, kuma yana cikin wasannin da suka fito tare da PlayStation 2 a Japan a watan Maris na 2000. A Amurka ma an yi wani inji mai suna MTV Drumscape a ƙarshen shekarun 1990, na wani mai ƙirƙira John Devecka, sai dai bai bazu ba.

Matsalar DrumMania ita ce wuya. Hannu biyu da ƙafa, kowanne da aikinsa, ba abin da baƙo zai iya ba ne a zama ɗaya. Kamfanin Namco ya bi wata hanya da Taiko no Tatsujin, wanda ya shiga gidajen wasa a 2001. Ya ɗauki siffar taiko, babbar gangar bukukuwan Japan, ya rage komai zuwa bugu iri biyu: jar alama a bugi tsakiyar fata, shuɗiya a bugi baki. Yaro da kakarsa duk za su gane wannan cikin minti ɗaya. A 2002 aka kai shi PlayStation 2 tare da ƙaramar gangar gida mai suna TaTaCon, kuma har yanzu ana fitar da sababbinsa. Namco ɗin ne ya yi wa Nintendo wasan Donkey Konga a 2003, mai tagwayen ganguna da makirfo a tsakaninsu don jin tafi.

Gangar da ba ta da fata

Labarin da ya fi nuna darajar samfurin cikin gida shi ne na Rhythm Tengoku. Wajen 2002 wani mai tsara manhaja a Nintendo, Kazuyoshi Osawa, ya haɗa ɗan gwaji a kan na'urar hannu Game Boy Advance. Babu jarumi, babu mataki. Kowane maɓalli an ba shi sautin wata ganga, mutum ya danna ya ji. Abin ya zauna a haka, domin gwaji ne, bai zama wasa ba.

A 2004 mawaƙi kuma mai shirya waƙoƙi Tsunku, wanda ya yi suna da ƙungiyar Morning Musume, ya kawo wa Nintendo shawarar wani wasa da zai koya wa mutane jin kiɗa a jikinsu. Aka haɗa shawararsa da gwajin Osawa, a hannun ma'aikatan da suka yi WarioWare. Tsunku ya ba su shawarar su je koyon rawa, suka je. Wasan ya fito a Japan a watan Agusta na 2006, daf da ƙarshen zamanin waccan na'ura.

Abin da ya bambanta shi da na Konami da Namco shi ne ya cire layin alamu masu gudu. Ɗan wasa yana kallon wani ɗan zane mai ban dariya, amma kunne ne ke gaya masa lokacin bugu, kuma a wasu matakai da gangan ake rufe masa abin da yake gani. Duk wanda ya taso kusa da gidan makaɗa zai ga wannan bai zo masa baƙo ba: ɗan koyo ba takarda ake ba shi ba, yana zaune ne bayan ubangidansa yana amsawa da ƙaramar ganga har hannunsa ya faɗa. Tsohon gwajin Osawa bai ɓace ba, ya dawo cikin wasan a matsayin darasin kiɗan ganga. Wanda ya biyo baya a Nintendo DS shi ne aka sayar a Faransa da sauran Turai a 2009 da sunan Rhythm Paradise.

Ganga mai ba da umarni

Patapon, wanda Sony ya fitar a PSP a Disambar 2007 a Japan, ya juya lamarin. Ɗan wasa ba waƙa yake bi ba, runduna yake jagoranta. Maɓallai huɗu ganguna huɗu ne, kuma kowane jerin bugu huɗu umarni ne: ku ci gaba, ku kai hari, ku kare kanku. In kiɗan ya karye, mayaƙan su rikice. Hiroyuki Kotani ne ya tsara shi, a kan zane-zanen wani Bafaranshe da aka sani da Rolito. An raba ɗanɗanonsa kafin fitowa, kuma abin da mutum ya tara a ciki yana iya wucewa da shi cikin cikakken wasan, dabarar da ta sa ɗanɗano ya zama farkon wasa na gaske.

A ƙasar Hausa wannan tunani tsoho ne. Tambari na sarauta ne, da shi ake sanar da naɗi da fitowar sarki. Kalangu yana kiran sunan mutum da kirarinsa. Gangar noma tana riƙe hannun masu gayya a kan kari ɗaya.

Amurka da rikicin haƙƙin ƙirƙira

Kamfanin Harmonix, wanda Alex Rigopulos da Eran Egozy suka kafa a 1995 bayan sun bar jami'ar MIT, ya fitar da Rock Band a Nuwambar 2007, da ganguna huɗu da abin takawa. Activision ya amsa da Guitar Hero World Tour a 2008. A shekarar ce Konami ya kai Harmonix ƙara a kan haƙƙin ƙirƙira, aka sasanta a 2010. Kasuwar ta cika da kayan roba masu tsada da cin wuri, cikin 'yan shekaru ta yi sanyi.

Jinkiri, babbar matsalar aikin

Waƙar da ke tafiya a bugu 120 cikin minti tana ba da rabin daƙiƙa tsakanin bugu da bugu, wasan kuma yana auna kuskure da ɗan ɓangare na wannan rabin. Allo mai sauya hoto sau 60 a daƙiƙa yana ɗaukar kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa kan kowane hoto. Tsofaffin talabijin masu ƙeya ba su da wani jinkiri na a-zo-a-gani, amma masu faffaɗan allo suna sarrafa hoto kafin su nuna shi, sai ido da kunne su saɓa. Shi ya sa wasannin zamanin Rock Band suka zo da wurin daidaita lokaci. Wanda ke wasa a waya yau, kamar yadda akasarin masu karatu a Chadi da Kamaru da Nijar za su yi, zai gamu da wannan matsalar in ya sa abin sauraro na Bluetooth. Mai waya ya fi dacewa.

Har yanzu ma'aunin waɗannan wasanni yana tambayar abu biyu ne: wace fuska aka buga, kuma yaushe. Wasu suna ƙarawa da ƙarfin bugu. Kalangu ya wuce nan, domin makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata yana saki, sautin ya hau ya sauka kamar maganar Hausa, har a gane wa ake kira. Gangar roba ta TaTaCon ko ta Rock Band tana jin saukar gula, amma ba ta da inda za ta ji matsin hammata.