Takalmin Taya da Tarihin Neman Birki

Takalmin taya, wato takalmin da ake kafa wa ƙananan tayoyi a ƙasa domin mai shi ya riƙa zamewa a kan daɓe ko kwalta, mutane da yawa a ƙasar Hausa suna ɗaukarsa kayan wasan yara, alhali kuwa manya ne suka ƙago shi domin amfanin kansu. Asalinsa daga ƙasashen Turai masu tsananin sanyi ne, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara da takalmi mai kaifin ƙarfe, sai masu wasan suka nemi abin da zai maye musu gurbin ƙanƙarar idan ta narke, shi ya sa takalman farko suka zo da tayoyi jere a layi guda, suna kwaikwayon kaifin nan.

Wanda aka fi danganta ƙirƙirar da shi shi ne John Joseph Merlin, maƙerin agogo da kayan kiɗa da aka haifa a garin Huy na ƙasar Beljiyam ta yanzu a 1735, wanda aka ruwaito cewa ya shiga wani taron shagali a Landan a kan takalminsa yana kaɗa gogen Turawa, ya kasa tsayawa, ya afka wa wani babban madubi, ya ji mummunan rauni. Wani mai suna Petitbled ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira a Faransa a 1819, Robert John Tyers kuma ya fito da mai taya biyar a Landan a 1823, amma matsalar ba ta kau ba, domin gudu yana samuwa cikin sauƙi, juyawa da tsayawa ne suka gagara.

A 1863 Ba'amurke James Plimpton ya raba tayoyin biyu gaba biyu baya, ta yadda karkata jiki kaɗai ke juya mutum, kuma a 1866 ya buɗe zauren wasa a garin Newport, inda manyan mutane masu hali ke zuwa a koya musu. Wannan samfurin ya danne na jere fiye da shekara ɗari, har zuwa 1980 lokacin da 'yan'uwa biyu 'yan wasan hoki na ƙanƙara a jihar Minnesota, Scott da Brennan Olson, suka farfaɗo da na jeren da tayoyin roba mai ƙarfi, aka kuma sanya masa birki a dunduniya, kamfanin Rollerblade ya samo asali daga nan. Da wasan ya bazu, raunuka suka yawaita, sai aka kafa ƙungiyar masu wasan ta duniya a Amurka a 1991, ta shiga horar da malamai tana ba su shaida. Tsarin da sansanonin koyar da manya suke bi, na kwanaki kaɗan, yana da hikima ƙwarai, domin babba ya fi yaro nauyi da tsoron faɗuwa: ana fara masa da tsayuwa a kan ciyawa, da lanƙwasa gwiwa, da yadda zai faɗi ta gaba a kan abin kare gwiwa da wuyan hannu, sannan taka birki, gudu kuwa shi ne darasin ƙarshe.

Wasan ya iso biranen Arewa ba tare da wannan tarbiyya ba. Ƙauyukan dajin Birnin Gwari irin su Kakangi, inda babur ne abin hawa, ba su da shimfiɗaɗɗen filin da yake buƙata, a Kano da Kaduna kuwa titi ne makarantarsa, har akan ga matashi ya kama bayan mota ko Adaidaita Sahu babu hular kwano, abin da ke tayar da hankalin duk mai ɗa. Ya kamata hukumomin wasanni su ware wa masu koyo wani daɓe a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna da na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, tare da malamin da zai fara da koyar da birki.