Hukuncin Neman Kariyar Kotu Ga Matar Da Mijinta Ke Dukanta

Tambaya: Ina aure a wani ƙauye a ƙasar Dambatta. Mijina yana dukana, an kai maganar gaban mai unguwa sau biyu, ya yi alkawari ya saɓa. Ranar nan ya ce zai illata ni. Iyayena sun ce in yi haƙuri. Shin ya halatta in kai shi kotu? Me alƙali zai yi mini?

Amsa: Ya halatta, 'yar'uwa, babu zunubi a kanki. Haƙurin da shari'a ta yaba ba shi ne ki zauna har a nakasa ki ba. Ya zama wajibi ga waliyyinki ya tsaya miki, kuma tunda an yi miki barazana, ki koma gidanku tukuna, wannan ba ya cikin fitar da aka hana.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke hukunci da ita, cutarwa babi ce mai zaman kanta. Idan ta tabbata, alƙali zai tsawata wa mijin ko ya ladabtar da shi. Idan ƙara ta maimaitu babu shaida, yana iya sa a zaunar da ku kusa da mutanen kirki da za su sa ido, ko ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta nuna. In kuwa kin zaɓi rabuwa, Mukhtasar na Shaihu Halilu ya ba ki wannan haƙƙin ko da shaidu ba su ce dukan ya maimaitu ba, kuma ba za ki mayar da sadaki ba, don wannan ba kul'i ba ne.

Ƙara tana iya faɗuwa a wajen shaida. Ku da kuke zaune gida kusa da gida, danga ce kawai tsakani, maƙwabta suna ji. Ibnu Asim a Tuhfatul Hukkam ya karɓi labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta a matsayin hujja a kan cutarwa. Sai dai da yawa suna nauyin baki, suna cewa ba a shiga tsakanin miji da mata, alhali ɓoye shaida zunubi ne. Duk ranar da aka ji miki ciwo ki je asibiti a rubuta miki takarda, ki adana ta a gidan iyayenki.

Game da barazanar, ki sanar da 'yan sanda, ki roƙi kotu ta sa ya rubuta alkawarin ba zai taɓa ki ba, da masu tsaya masa. Dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015, mai takardar kariya ta musamman, a Abuja take aiki kai tsaye, sai jihar da ta karɓe ta, kamar Jigawa a 2021. Hisba tana sulhu, amma umarni mai tilastawa na alƙali ne.

Ki karɓi kwafin hukuncin. Ranar da ya saɓa, kada a mayar da maganar zauren mai unguwa, ki koma kotun da ta yanke da takardar a hannu. In ba ki da kuɗin lauya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kano. Wallahu a'alam.