Kaɗo, Arne da Kirdi: Nauyin Kalmar Zagi a Tarihin Garwa

Ɗalibai sukan tambaye ni ko wanda ya fusata ya kira wani arne ko kaɗo ya zama mai ƙabilanci, ko kuwa ɓacin rai ne kawai ya yi magana. Tarihin Garwa, a arewacin Kamaru, yana taimakawa wajen amsawa.

Kafin jihadi, Fali da Bata ne ke zaune a wannan yanki na kogin Binuwai. Da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajen 1809, sai mulki ya koma hannun Fulani, kalmar kaɗo kuma (jam'inta Haɓe) ta yi nauyi. Asalin ma'anarta a Fulfulde wanda ba Bafulatani ba. Hausawa ma sun sha wannan suna, shi ya sa har yau muke cewa sarakunan Haɓe. Amma a Adamawa sunan ya fi shafar waɗanda ba Musulmi ba, kuma su ne ake kai wa hari a kamo bayi. Hamman Yaji na Madagali ya bar kundin tarihin ayyukansa daga 1912 zuwa 1927, cike da lissafin irin waɗannan hare-hare a kan mutanen Duwatsun Mandara.

Kirdi kuwa ta gefen Borno ta shigo. Baturen Ingila Dixon Denham ya ji ta a 1823, lokacin da ya bi rundunar Borno zuwa Mandara. Daga baya Turawan Faransa suka ɗauke ta suka haɗa Mafa, Tupuri, Masa, Mundang da Fali a ƙarƙashinta, al'ummomin da ba sa jin yaren juna. A zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, da yawa daga cikinsu sun ga cewa musulunta da ɗaukar sunan Fulani ne ke buɗe ƙofar muƙami.

Don haka, a ganina, fushi ba ya ƙirƙirar kalma. Abin da ya tarar a rumbu shi yake ɗauka, tarihi ne kuma ya cika rumbun. Ba zan yanke wa mutum hukunci a kan furuci ɗaya ba, amma sai a tambaye shi me ya sa, cikin dukan zage-zagen da ya sani, wanda ya shafi asali ne ya fara zuwa bakinsa. Mu ma kada mu wanke kanmu: gwaranci, da muke kiran gurɓatacciyar Hausa, daga sunan Gwarawa muka ciro shi, ba ma cikin fushi ba.

A shekarun 1990, da aka dawo da jam'iyyu da yawa a Kamaru, wasu 'yan bokon arewa suka rungumi sunan Kirdi suna kiran kansu da shi a fagen siyasa. Duk da haka, idan wani ya jefa musu shi cikin faɗa a kasuwar Garwa, zagi suke ji.