Waƙa da Farfaganda a Tarihin Sakkwato: Duniyar da Mawaƙa Suka Gina

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda aka yi amfani da waƙa a Sakkwato wajen zana wa jama'a wata duniya wadda ta fi ta zahiri tsari, sa'an nan a ja hankalin ɗalibin tarihi ga haɗarin ɗaukar wannan zane a matsayin abin da ya auku. Da muka ce farfaganda, ba ƙarya muke nufi ba. Abin nufi shi ne zaɓen abin da za a faɗa, da barin abin da ba a son a ji.

Shugabannin jihadi sun san cewa littafin Larabci sai malami, amma waƙar Hausa ko Fulatanci kowa yana iya hardace ta. Saboda haka suka jera tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bisa tsarin sira: ƙaurar da aka yi daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804 ita ce hijira, nasarar Tabkin Kwatto a kan Yunfa kuwa aka kwatanta ta da Badar. Nana Asma'u (1793–1864) ta bi wannan tsari a waƙarta ta Fulatanci wadda ɗan'uwanta Isa ya mayar Hausa, wato Waƙar Gewaye, jajojinta kuma suka kai irin waɗannan waƙoƙi ga matan karkara. A cikin wannan duniya rukuni biyu ne kurum, Jama'a da maƙiyanta. Kitabul Farƙi ya lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe, kamar jangali da gaisuwa da zuba ƙasa a ka.

To, amma zanen bai ɗauke kome da kome ba. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya amince wa Shehu da ya yi wa'azi a ƙasarsa, kuma Gobirawa ba su bar mana nasu rubutun mai yawa ba da za a auna da shi. Jangali ma bai mutu da faɗuwar Alkalawa a 1808 ba. Babbar shaida kuwa daga cikin gida ta fito: a 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar runduna da niyyar tafiya gabas, don ganin son mulki da dukiya ya shiga zukatan mutane. A Kano aka tsayar da shi, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Kukansa yana nan cikin Tazyinul Waraƙati.

Turawa da suka ci Sakkwato a watan Maris 1903 ba su zo da sabuwar dabara ba, juya zanen kawai suka yi. A jawabinsa na naɗa Attahiru na Biyu, Lugga ya nuna cewa Fulani da yaƙi suka sami mulki, da yaƙi kuma suka rasa shi. Rahotannin da ya aika Ingila sun siffanta daular da farautar bayi da zalunci, don a ga kamar ceto aka zo yi. Wanda ya zana Gobir jiya, yau shi aka zana.

Makaɗan fada kuwa, waɗanda malaman jihadi suka ƙi sana'arsu, sun dawo da tasu duniyar. A bakin Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku (1938–1988), ko Ibrahim Narambaɗa a fadar Isa, sarki giwa ne, ɗan sarkin da ke jayayya da shi kuma sai zambo. Babu fari a wannan duniya, babu bashi, babu haraji. Da siyasar jam'iyyu ta zo, sai aka shimfiɗa wannan salo a kan Arewa baki ɗaya. Musa Ɗanƙwairo da wasunsa suka waƙe Sardauna Ahmadu Bello, Firimiya daga 1954 zuwa 1966, a matsayin jikan Bello mai ci gaba da aikin kakanni. Mawaƙan NEPU, irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, su ma daga tarihin Shehu suka ɗebo, sai dai su a wurinsu sarakunan zamani ne suka gaji halin Haɓe. Shehu guda, duniya biyu.

A taƙaice, waƙa shaida ce mai ƙarfi, amma shaidar abin da mutane suka so a gaskata. Ya kamata mai nazari ya tambayi kansa: wane ne ya yi ta, don wa, kuma wa aka hana magana a cikinta? In bai yi haka ba, zai rubuta tarihin duniyar mawaƙi yana zaton na Sakkwato ya rubuta. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba su ce ta fi gaskiya ba.