Tsara Shigo da Sababbin Hanyoyi da Kayan Aiki cikin Manyan Ayyukan Manhaja: Bayani ga Jama'ar Masarautar Haɗejiya

Gabatarwa

A yau da wuya a sami wani muhimmin aiki na gwamnati wanda ba ya ratsawa ta cikin kwamfuta. Albashin malamin firamare, rajistar manomin da zai karɓi taki, da lissafin yaran da aka yi wa rigakafi a asibitin ƙauye, duka manhaja ce ke riƙe da su. Manhaja ita ce jerin umarnin da ƙwararru ke rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta gudanar da wani aiki. Idan ta yi kuskure, sunan ma'aikaci kan faɗi daga takardar albashi, ko manomi ya rasa taki har lokacin shuka ya wuce.

Jihar Jigawa ta shiga wannan fage da wuri. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta Informatics a Kazaure. Abin da muke son bayyanawa a nan shi ne cewa sayen injuna da ɗauko ƙwararru ba su isa ba. Nasarar babban aiki na rataye ne a kan yadda aka tsara shigo da hanyar aiki da kayan aikin, mataki bayan mataki.

Hanyoyin gina manhaja

Akwai manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a rubuta dukkan buƙatu tun da fari, a zana tsari, a gina, a gwada, sannan a miƙa aikin gaba ɗaya a ƙarshe. Wani injiniya ɗan Amurka, Winston Royce, ya bayyana wannan hanya a 1970, ya kuma yi gargaɗin cewa bin ta kai tsaye na da haɗari, domin ba a gano kuskure sai aiki ya yi nisa.

Ta biyu ita ce gini kaɗan-kaɗan, wadda masana ke kira Agile tun bayan taron da ƙwararru 17 suka yi a jihar Utah ta Amurka a 2001. A nan ana raba aiki zuwa zagaye na mako biyu zuwa huɗu. A ƙarshen kowane zagaye ana nuna wa masu amfani abin da aka gina, su gwada, su faɗi gyara. Wannan hanya na buƙatar jami'in gwamnati ya ba da lokacinsa a kai a kai, ba ranar ƙaddamarwa kaɗai ba.

Muhimman kayan aiki

Na farko shi ne rumbun adana rubutun manhaja, wanda ke riƙe tarihin kowane canji da sunan wanda ya yi shi. Mafi shahara shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Na biyu shi ne rajistar matsaloli, inda ake ba kowane koke lamba, a san wanda ke da alhakin gyara da ranar kammalawa. Na uku shi ne wurin gwaji na daban, domin kada a gwada sabon abu a kan bayanan jama'a na gaske. Na huɗu shi ne fom na waya mai aiki ko da babu sabis, irin su ODK, wanda ke ajiye bayanai har sai an isa inda akwai intanet.

Darussa daga ayyukan da suka gabata

Tsarin biyan albashi na Gwamnatin Tarayya, IPPIS, ya fara a 2007 da ma'aikatu da hukumomi bakwai kacal, aka riƙa ƙara wasu a hankali cikin shekaru. Haka kuma manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, ta zama tsarin ƙasa baki ɗaya a 2013. Ba a jefar da rajistar takarda ta asibitoci ba. An ci gaba da cike fom na wata-wata, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar da shi cikin kwamfuta. Wannan ya ba ma'aikata damar sabawa ba tare da aiki ya tsaya ba.

Shirin tallafin taki ta wayar hannu na GES, wanda aka soma a 2012 lokacin da Dokta Akinwumi Adesina ke Ministan Gona, ya shafi manomanmu kai tsaye. Manomi kan sami saƙo a waya, ya je cibiya ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi. Shirin ya kai ga miliyoyin manoma, amma ya gamu da ƙarancin sabis a karkara, da manoman da ba su da waya, da sunayen da aka rubuta ba daidai ba. Daga baya sai aka gwada kati mai aiki ba tare da sabis ba a Jihar Sakkwato da Babban Birnin Tarayya. Da an auna yanayin karkara sosai tun farko, da an rage wa manoma zirga-zirga.

Ko ƙasashe masu arziki ba su tsira ba. Ingila ta soma babban shirin haɗa bayanan asibitocinta a 2002, ta sanar da rushe shi a 2011, an kuma ƙiyasta kuɗinsa da kimanin fam biliyan 10. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai gaggawa da rashin tuntuɓar likitocin da za su yi aiki da shi.

Matakan tsarawa a yankin fadamar Haɗejiya

Masarautar Haɗejiya na da ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. Duk aikin manhaja da zai shafe su, muna ba da shawarar a bi waɗannan matakai.

1. A fara da nazarin yadda ake aikin a yanzu. A zauna da malamin gona, akawun kuɗi, ma'aikaciyar lafiya da mai unguwa, a rubuta kowane mataki kafin a taɓa kwamfuta.

2. A zaɓi hanyar aiki kafin a sayi kayan aiki. Idan ba a amince kan wanda ke karɓar koke da wanda ke amincewa da gyara ba, rajistar matsaloli za ta zauna fayau.

3. A yi gwaji a wurare biyu masu bambanci, misali mazaɓa ɗaya a cikin garin Haɗejiya da wata a ƙauyukan bakin ruwa na Guri ko Kiri Kasamma. Abin da ya yi aiki a birni kaɗai bai ci jarrabawa ba.

4. A shigo da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, a bar tsohuwar rajistar takarda ta tafi tare da sabon tsari har na wasu watanni, ana kwatanta alƙaluma.

5. A daidaita jadawali da yanayin shekara. A watannin Agusta da Satumba Kogin Haɗejiya kan cika ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2018, 2020 da 2022, hanyoyi su yanke, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanan ruwa. Bai dace a sa horo ko ƙaddamarwa a wannan lokaci ba. Rajistar masu noman rani ta kamata ta kammala kafin shukar alkama a watan Nuwamba.

6. A ware kuɗin horo, gyara, wutar sola da kuɗin data na shekarun gaba. A horar da aƙalla mutum biyu a kowane ofis, domin canjin wurin aiki ko ritaya kada su durƙusar da tsarin. Ana iya neman matasan da suka yi karatu a Kazaure ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya.

7. A rubuta cikin yarjejeniyar kwangila cewa rubutun manhaja, bayanai da lambobin sirri mallakar gwamnati ne, kuma za a miƙa su tare da littafin jagora. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta tsare bayanan jama'a.

8. A tsayar da ma'aunin nasara tun farko, kamar yawan kwanakin da ake ɗauka kafin a gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba. Sai gwaji ya cika ma'aunin sannan a faɗaɗa zuwa sauran ƙananan hukumomi.

Kira ga jami'ai da jama'a

Muna kira ga shugabannin sassa, kansiloli, hakimai, dagatai da masu unguwanni da su halarci zaman gwaji idan an gayyace su, su kuma faɗi gaskiyar abin da suka gani, ko da bai yi wa masu kwangila daɗi ba. Jama'a kuma su duba rubutun sunayensu da lambobin wayarsu a lokacin rajista, su karɓi shaidar koke idan sun kai ƙorafi, kuma kada su ba kowa lambar sirrinsu. Gyaran da aka yi a mazaɓa ɗaya lokacin gwaji ya fi sauƙi da arha a kan gyaran da za a yi bayan tsarin ya bazu a ƙananan hukumomi 27 na jihar.