Iskar sama da tashin ƙananan jirage marasa matuƙi a Sandamu

Iskar sama ita ce babbar barazana ga ƙananan jirage marasa matuƙi, irin waɗanda masu ɗaukar hoto ke tayarwa a wurin biki ko hawan sallah. Iska tana ƙara ƙarfi gwargwadon nisanta daga ƙasa, saboda bishiyoyi da gidaje da ke rage mata gudu ba su kai can. A Sandamu, ƙaramar hukuma a masarautar Daura ta Jihar Katsina, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura. Ganyen darbejiya kan yi tsit a tsakar gida alhali a tsayin mita 100 iska na kaɗawa sosai.

Jirgin DJI Mini 3, mai nauyi ƙasa da giram 250, yana jure iska mai gudun mita 10.7 a daƙiƙa. Idan ta wuce haka, tana iya kwashe shi, batirinsa ya ƙare kafin ya dawo. Shi ya sa ake fara tafiya da fuskantar iska, a dawo tana turo shi. Ban da iska, akwai kuma batun doka: a Mayun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa (NCAA) ta haramta tayar da irin waɗannan jirage a Najeriya ba tare da izini ba.